Zaɓen Petrenko a Berlin: cancanta ce ko sulhu aka yi?

Ɗan Fagge

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga masu bin kiɗan gargajiyar Turawa a zauren nan. Ranar 21 ga Yunin 2015 makaɗan Berlin Philharmonic suka zaɓi Kirill Petrenko ya gaji Simon Rattle a matsayin mai jagorantar kiɗansu. Mutumin nan sau uku kacal ya taɓa zuwa ya jagorance su, a 2006 da 2009 da 2012. Faifansa a kasuwa ba su taka kara sun karya ba, ba ya hira da 'yan jarida, har wasu na rikita shi da Vasily Petrenko na Liverpool alhali babu dangin iya babu na baba. Ga manyan jagororin kiɗa irin Christian Thielemann, ga Andris Nelsons, ga Daniel Barenboim a cikin garin ma. Ta yaya ƙungiyar da Karajan ya riƙe kusan shekara 35 za ta miƙa wuya ga wanda duniya ba ta sani ba? Ni dai a ganina an rasa tudun dafawa ne, aka ɗauko wanda ba shi da abokin gaba.

Baban Walida

Wa'alaikumussalam. Kafin a yi nisa, don Allah a daidaita sunan wannan aikin. Kada wani ya rubuta mana kwandasta, ba tashar mota muke ba.

Malam Goge

Madugu ya fi dacewa, Baban Walida. Ba ya ɗaukar kaya, amma shi ya san hanya, shi ke cewa a tashi, shi ke cewa a yada zango. Bambancinsa da shugaban makaɗa irin namu shi ne namu yana cikin kiɗan, shi ke ba da waƙa 'yan amshi su karɓa. Madugun okestira kuwa ko tari ba ya yi, siririn tsinke ne kawai a hannunsa da ido.

Ɗan Fagge, sai ka fara fahimtar wa ke zaɓen. A Amurka kwamitin amintattu ne, wato masu kuɗin da ke ɗaukar nauyin ƙungiya, ke naɗa madugu. Ana sa wasu makaɗa cikin kwamitin bincike, amma ba su ne da wuƙa da nama ba. Berlin daban take tun daga tushe. A 1882 makaɗa 54 suka yi wa ubangidansu Benjamin Bilse bore suka kafa tasu, kuma har yau su ke mulkin kansu. Su ke ɗaukar sabon makaɗi, ya yi gwajin da kan kai shekara biyu, sannan sai ya samu kashi biyu bisa uku na ƙuri'u kafin a tabbatar da shi. Madugu ma su ke zaɓensa, a asirce, kowa ƙuri'a ɗaya. Ba a neman kujerar, ba a yi wa kowa tambayoyi, kowane madugu da ke raye a duniya ɗan takara ne ko ya sani ko bai sani ba.

To mutum fiye da 120 da suka zauna suka kaɗa ƙuri'a ba faifai suke dubawa ba. Abin da suka gani da idonsu a ɗakin atisaye suke tunawa.

Ɗan Fagge

Na ji, Malam. Amma ai ba a karon farko suka zaɓe shi ba. Ranar 11 ga Mayun wannan shekarar sun kulle kansu a cocin Jesus-Christus da ke unguwar Dahlem, an karɓe wayoyinsu, sun shafe sama da awa 11, suka fito babu sakamako. Peter Riegelbauer, wakilin makaɗan, ne ya fito ya shaida wa 'yan jarida cewa an kasa. Da Petrenko suke so tun asali, me ya hana su faɗa ran nan?

Hajiya Mai Sarewa

Ɗana, wannan hujjar taka ce mafi ƙarfi, kuma ba za a ƙi ta ba. Jaridun Jamus na lokacin sun yi ta cewa ƙungiyar ta rabu ne tsakanin masu son Thielemann, don ya dawo da tsohon amo mai kauri irin na zamanin tsoffin madugansu Furtwängler da Karajan, da waɗanda ba sa sonsa ko kaɗan suka raja'a ga Nelsons. Ƙungiyar ba ta fitar da alƙaluman ƙuri'un ba. Akwai kuma wani cikas game da Petrenko: a Disambar 2014 an shirya zai jagorance su a simfoni (dogon kiɗan okestira mai babi-babi) na 6 na Mahler, ya janye dab da lokaci, Daniel Harding ya maye gurbinsa. Da yawa sun ɗauka ya fita daga lissafi ke nan.

Inda zan saɓa maka shi ne batun cewa ba a san shi ba. Su wa ba su san shi ba? Masu sayen faifai a Landan da New York. A gidajen opera (wasan kwaikwayon da ake yi da waƙa) na Jamus sunansa ya daɗe yana yawo. An haife shi a Omsk ta Rasha a 1972, mahaifinsa mai goge ne, suka koma yankin Vorarlberg na Ostiriya yana da shekara 18. Ya yi karatu a Feldkirch da Vienna, ya yi aiki a Volksoper ta Vienna daga 1997. A 1999 aka ba shi shugabancin kiɗa a Meiningen, ƙaramin gari a jihar Thuringia, kuma a 2001 ya gabatar da Ring na Wagner can, opera huɗu a jere cikin kwana huɗu, kiɗan wajen awa 15. Daga 2002 zuwa 2007 yana Komische Oper a cikin Berlin ɗin kanta, tafiyar ƙafa ce daga Philharmonie, zauren ƙungiyar. Daga 2013 ya karɓi gidan opera na jihar Bavaria a Munich, a shekarar kuma ya fara jagorantar Ring a bikin Bayreuth. 'Yan kallo sun yi wa Frank Castorf, wanda ya tsara wasan, ihu na tsawon lokaci, amma suka tafa wa madugun. Mujallar Opernwelt ta sha zaɓensa gwarzon madugu na shekara. Makaɗa kuma suna da bakin magana, na Munich na da abokai a Berlin.

Na-Damagaram

Hajiya ta taɓo inda nake so a tsaya: ramin opera. Duk wanda ya taso ta nan hannunsa daban ne. A zauren wasa makaɗa na gabanka, kowa na ganinka. A opera kana cikin rami da makaɗa 80 ko 90, mawaƙa na sama suna zirga-zirga, wani ya juya maka baya, wani yana kwance yana mutuwar wasa, ga ayarin 'yan amshi can ƙuryar dandamali. Mawaƙiya ta tsallake layi biyu, dole cikin daƙiƙa ɗaya ka nuna wa mutum 90 inda za su tarar da ita ba tare da ka buɗe baki ba. Gidajen Jamus kuma kusan kullum wasa ake sauyawa, yau Mozart gobe Verdi, wani lokaci babu atisaye ko ɗaya. Wanda ya yi shekara 15 a haka, hannunsa ba ya ƙarya. Ramin Bayreuth ya fi kowanne wuya domin a rufe yake, amo sai ya daki bango ya gauraya da murya kafin ya isa ga jama'a, abin da madugu ke ji ba shi 'yan kallo ke ji ba.

Baban Walida

Ni fa har yanzu abu ɗaya ke ɗaure min kai. Makaɗan nan sun fi kowa ƙwarewa a duniya. Beethoven ɗin nan sun kaɗa shi sau ɗari. In an cire madugun gaba ɗaya, me zai lalace?

Malam Goge

Tambaya mai kyau. A kiɗan Haydn ko Mozart da mutum 35, ba abin da zai lalace sosai, shugaban masu goge ya isa ya ja su. Matsala na farawa ne in an cika dandamali. Ga lissafin cikakkiyar ƙungiya: fayolin na ɗaya 16, na biyu 14, biyola 12, celo 10, manyan goge na tsaye 8, masu tsirkiya 60 ke nan. Sai masu busa na itace, sarewa da obo da kilarinet da basun, uku-uku ko huɗu-huɗu. Obo ɗin nan 'yar'uwar algaita ce, duka da tagwayen beli ake busa su, kuma ita ke ba da muryar da kowa zai saita kayansa a kai kafin a fara. Berlin na saita muryar a wajen girgiza 443 a daƙiƙa, Ingila a 440. Sai ƙaho huɗu zuwa takwas, begila uku ko huɗu, turombon uku, tuba ɗaya, tambura, sauran masu bugu, da molon tsaye mai tsirkiya 47.

Yanzu ka duba nisa. Amo na tafiyar mita 343 a daƙiƙa. Daga mai tambura a baya zuwa na gaba ana iya samun mita 17, wato kashi ɗaya bisa 20 na daƙiƙa. Kamar ba komai ba. Amma in ana bugu 120 a minti kuma an raba kowane bugu huɗu, kowane ɗan guntu kashi ɗaya bisa takwas ne na daƙiƙa, ka ga latin ya kusa cin rabinsa. In na baya ya jira sai ya ji na gaba, ya makara, sannan amonsa ya sake yin tafiya kafin ya iso, latin ya ninka. Shi ya sa dole ya bi ido ya bar kunne. Masu ƙaho sun fi shan wahala, bakin kayansu baya yake kallo, sai amo ya daki bango ya dawo.

Na biyu, nauyi. Begila uku za su iya binne masu goge 60 in aka ƙyale su. Mai begila ba ya jin yadda abin ke fita a zaure, wanda ke tsaye a tsakiya ne kaɗai ke ji.

Na uku shi ne ainihin aikin. Takardar kiɗa ta ce a yi sauri, ba ta ce nawa ba. Ta ce a sassauta, ba ta ce daga ina zuwa ina ba. Mutum 100 ƙwararru na da ra'ayi 100. Dole wani ya yanke.

Hajiya Mai Sarewa

In ƙara a kan na Malam. Abin da ke kayar da baƙon madugu a Berlin tun minti biyar na farko shi ne latin da suke yi da gangan. Ƙungiyoyin Jamus da Ostiriya ba sa faɗowa daidai lokacin da tsinke ya sauka. Sukan ɗan ja numfashi, manyan goge su fara shimfiɗa, sannan sauran su hau kai, shi ke ba amonsu kauri. Madugun da ya saba da Landan ko Chicago, inda ake faɗowa a kan tsinke, sai ya sauke hannu ya ji shiru. In ya tsorata ya jira su, su ma sai su jira shi, kiɗa ya yi ta ja da baya har ya kwanta. Maganinsa ya ci gaba da tafiya a gabansu, yana nuna bugu na gaba alhali kunnensa na jin na baya. Ba kowa ke iya raba ido da kunne haka ba.

Alhajin Zango

Sannunku da ƙoƙari. A ba mu tsarin makon baƙon madugu mana, tunda an ce a nan ake cin jarrabawar.

Na-Damagaram

Ranka ya daɗe, galibi atisaye huɗu ne, kowanne wajen awa biyu da rabi har da hutu, na ƙarshe shi ne na gamawa inda ake bi daga farko zuwa ƙarshe. Sai wasa uku, Alhamis da Juma'a da Asabar. Duka-duka ƙasa da awa 10 kake da su don shirya kiɗan minti 90. Lokaci na hannun wakilan makaɗa, in agogo ya cika ko kana tsakiyar jimla an tashi.

Aikin kuma tun watanni kafin nan yake farawa. Ma'ajiyar takardun ƙungiya za ta fitar da kason kowane makaɗi. Shugabannin masu tsirkiya su zauna su rubuta inda izga za ta hau da inda za ta sauka, don hannaye 16 su tafi tare. Madugu mai tsanani kan aiko da nasa takardun da ya riga ya yi wa alama. In bai yi ba, ya zo ranar farko yana sauya hawa da saukar izga, rabin awa ta tafi a fensir da magogi.

Abubuwan da ke zubar da mutuncin baƙo sanannu ne. Yawan surutu, ya tsaya yana ba su tarihin marubucin kiɗan. Tsayar da su ba tare da ya faɗi abin da zai gyara ba, ya ce a sake kawai. Ya ce akwai kuskure cikin masu busa amma ya kasa nuna ko obo ta biyu ce ta yi sama ko basun ne ya yi ƙasa. Ya ajiye masu turombon zaune awa biyu alhali a babin ƙarshe kaɗai suke da aiki, maimakon ya fara da su ya sallame su. Sai wanda ya fi duka: ya yi abu ɗaya a atisaye, ranar wasa ya yi wani. Kuma ɗaga hannun farko, kafin a ji komai, shi ke ɗauke da sauri da ƙarfi da yanayin abin da zai biyo. In wannan ɗagawar ba ta fito sarai ba, mutum 100 za su shigo a warwatse.

Shi Petrenko an san shi da naci a atisaye, yana bin ƙananan alamomin da wasu ke tsallakewa, musamman wuraren da aka ce a yi ƙasa-ƙasa sosai. Ku duba kuma abin da ya kawo musu. A 2009 simfoni na 2 na Elgar, wanda ba abincin Jamusawa ba ne. A 2012 Scriabin da Rudi Stephan, Bajamushen da aka kashe a yaƙin duniya na ɗaya a 1915 yana da shekara 28, aka kusa mantawa da shi. A irin wannan kiɗa ƙungiya ba za ta iya tafiya da tsohon sabo ba, dole ta dogara da hannun madugu, nan take kuma za ta gane ko akwai kaya a hannun.

Ɗan Fagge

To shi ke nan, na sauko daga batun rashin cancanta. Amma caca ce dai. Mako uku cikin shekara tara bai isa ka san halin mutum ba. Baƙon mako guda kowa na iya yi masa fara'a. Wanda za ku yi wata uku ko huɗu tare duk shekara, ku yi yawon Asiya da Amurka tare, ya sa baki a tsarin wasannin shekara, wannan aure ne. Kuma tarihi na da misalin inda ta ɓaci. John Barbirolli, 1936, New York Philharmonic. Saurayi ne ɗan shekara 36 daga ƙungiyar Scotland, ba wanda ya san shi a Amurka, aka ɗora shi a kujerar shahararren madugu Arturo Toscanini bayan Furtwängler ya janye saboda zanga-zangar da aka yi kan zamansa a Jamus ta 'yan Nazi. Masu sharhi irin su Olin Downes da Virgil Thomson suka sa shi gaba, a 1943 ya tattara ya koma Manchester.

Malam Goge

Misalin ya yi, amma ka bar rabinsa. Abin da ya karya Barbirolli shi ne Toscanini bai tafi ba. A 1937 gidan rediyon NBC ya kafa masa sabuwar ƙungiya a cikin garin, kowane mako ana auna yaro da gwani. Da Barbirolli ya koma ƙungiyar Hallé ta Manchester ya same ta ta kusa mutuwa, ya farfaɗo da ita, ya zauna da ita har rasuwarsa a 1970. Franz Welser-Möst ma ya sha irin wannan a London Philharmonic daga 1990 zuwa 1996, 'yan jarida suka yi masa ca, ga shi daga 2002 ya zauna daram a Cleveland. Sau da yawa wurin ne bai karɓi mutum ba.

A ɗaya gefen kuma ga Birmingham, waɗanda suka mai da wannan caca sana'a. Rattle a 1980 yana da shekara 25. Nelsons a 2007, bayan wasa na sirri da zaman naɗar faifai kawai, bai taɓa jagorantarsu a gaban jama'a ba. Mirga Gražinytė-Tyla a 2016 tana da 29. Dalilinsu a fili yake: ba su da kuɗin sayen babban suna, sai su riga kowa gano ƙarami.

Hajiya Mai Sarewa

Berlin kanta ba yau ta fara ba. A Agustan 1945 wani sojan Amurka ya harbe Leo Borchard bisa kuskure a shingen bincike, aka ɗauko Sergiu Celibidache, ɗan Romaniya mai shekara 33 da bai daɗe da barin makaranta ba. Ya yi musu wasa sama da 400. Amma zafin ransa ya ishe su, da Furtwängler ya rasu a 1954 suka tsallake shi suka ɗauki Karajan. Bai sake tsayawa gabansu ba sai 1992. Wannan ya goyi bayan Ɗan Fagge ta wani ɓangare, gwaninta ba ta hana zama ya yi tsami. Karajan ɗin ma ai ba a rabu da daɗi ba, tun rikicin Sabine Meyer mai kilarinet, wadda ya so a ɗauka makaɗa suka ƙi, har ya ajiye aiki a Afrilun 1989. Da suka zaɓi Claudio Abbado a Oktoban shekarar, mutane da yawa ba shi suka zata ba.

Alhajin Zango

Abin da bai gamsar da ni ba shi ne ɓangaren kasuwa. Rattle ya iya magana, ya shiga makarantu, a 2002, shekarar da ya hau, aka mai da ƙungiyar gidauniya, a zamaninsa kuma aka buɗe zauren kallo na intanet a 2008. Kujeru 2,440 ne a Philharmonie, dole a cika su sau uku a mako. Madugun da ba ya hira da jarida, wa zai tallata?

Na-Damagaram

Alhaji, a Amurka da wannan ya isa ya hana shi aikin, domin can madugu na cin abincin dare da attajirai yana neman gudummawa. Berlin na samun tallafin gwamnatin birni da ta tarayya, ga gudummawar Deutsche Bank tun 1989, ga sunan da ya riga ya kafu. Suna da manajan da ke riƙe da harkar kuɗi. Kuma Petrenko yana magana, sai dai da makaɗansa yake yi a zauren intanet ɗin nasu, da taron 'yan jarida na shekara. Faifai ma kamfanin kansu ke fitarwa, ba sa jiran wani.

Baban Walida

Me ya sa aka zaɓe shi 2015 amma bai hau ba sai 2019? Shekara huɗu fa.

Malam Goge

Kalandar manyan madugai da mawaƙan opera shekara uku zuwa huɗu take cika gaba. Shi ya sa Rattle ya sanar tun Janairun 2013 cewa zai sauka a 2018. Petrenko na da alkawari da Munich bai yarda ya karya ba, har ma ya haɗa ayyukan biyu na ɗan lokaci, Vladimir Jurowski bai karɓi Munich ba sai 2021. Kakar 2018 zuwa 2019 Berlin da baƙin madugai ta yi ta. Ya fara a hukumance ranar 23 ga Agustan 2019 da simfoni na 9 na Beethoven, washegari aka maimaita a fili a Ƙofar Brandenburg. Wata bakwai bayan nan korona ta rufe zauruka.

Ɗan Fagge

Har yanzu ina nan kan cewa da Thielemann bai raba kan jama'a ba, da ba a waiwayi Petrenko ba. Abu biyun na iya zama gaskiya tare. Wanne wasa zan fara kallo in auna da kaina?

Hajiya Mai Sarewa

Na Maris 2017, zuwansa na farko bayan zaɓe, simfoni na 6 na Tchaikovsky. Je ka babin farko, wurin da kilarinet ke sauka ita kaɗai har ta kusa ɓacewa, inda marubucin ya jera alamar a yi ƙasa-ƙasa har shida, sannan ƙungiya duka ta fashe lokaci guda. Kada ka kalli tsinken. Kalli hannun hagu da kafaɗunsa a daƙiƙa biyun da ke gaban fashewar, ka kuma rage ƙarar na'urarka tukuna.

Na-Damagaram

Ƙaramin gyara, Hajiya. Muryoyi huɗun ƙarshe na wannan saukar basun Tchaikovsky ya rubuta wa, sai dai basun ba ya iya yin ƙasa haka, shi ya sa yawancin ƙungiyoyi ke ba babbar kilarinet. Ɗan Fagge, in ka kalla ka duba mana wa ya busa su ran nan.